Banishin da Wuta ba ta Ci

Ku da kuke tsayawa a bakin ƙofa kuna kallona ina feshi, na san abin da kuke faɗa in kun fita. Cewa kuke yi ai danna kunamar bindigar feshi ne kawai, hannu ya je ya dawo, katako ya yi sheƙi, shi ke nan. To ku sami wuri ku zauna. Sunana Idi, a Gangare aka yanke cibiyata, a cikin warin tina, ruwan tsinka fenti, kuma na yi furfura. Banish, ga wanda bai sani ba, shi ne ruwan nan mai kama da zuma da ake fesa wa katako, ba ya ɓoye launinsa, sai dai ya ba shi sheƙi ya kuma kare shi. Na fesa shi a gado da kujera, na fesa a ƙofar coci da mumbarin masallaci. Daga baya Allah ya sa ina cikin waɗanda suka haɗa irin wanda ake sa wa cikin jirgin sama, a nan garin Jos.

Wani teburin cin abinci ne ya fara shiga hannuna, a rumfar Baba Gyang da ke kasuwar Katako. Baba Gyang Birom ne, dattijon coci a Anguwan Rukuba, abokin mahaifina tun suna aikin kuza tare. Ranar da aka kai ni wurinsa bai nuna mini bindigar feshi ba, samfefa, takardar goge katako, ya miƙo mini. Na goge teburin nan har yatsuna suka yi zafi, na je na ce na gama. Ya zo ya rufe ido, ya bi saman teburin da tafin hannunsa a hankali, ya tsaya a wata kusurwa.

Ya ce, "Idi, wannan tebur bai gama ba. Kawo hannunka."

Ya ɗora hannuna a wurin. Sai na ji wani ɗan tudu da idona bai gani ba.

Ya ce, "Banish ba ya rufa asiri. Abin da ka bari a ƙasa, shi zai nuna wa duniya."

Na daɗe ƙwarai a kan samfefa kafin ya yarda na taɓa bindiga. Sai da na san mai kaushi da mai laushi, na san ana bin jijiyar katako ne ba a ƙetare ta. Na koyi tace banish da tsohuwar safa don kada gudaji ya toshe bakin bindiga. Na koyi wanke bindigar da tina kafin in wanke hannuna. Ya koya mini cewa da damina, in gari ya cika da laima, banish yakan yi fari fat kamar an zuba nono, don haka sai ka jira rana ta ɗaga. In kuma sanyin Jos ya sa ya yi kauri, a ruwan ɗumi ake tsoma gwangwanin, ba a kai shi kusa da wuta ko da wasa.

Akwai wata shugabar makaranta da muka yi wa teburin falo, ni na fesa shi da hannuna, kana iya ganin fuskarka a ciki. Ba a jima ba ta dawo da shi a bayan a-kori-kura, da farin zobe a tsakiya. Tukunyar gwate ta sauke daga wuta ta ɗora a kai. Na buɗe baki zan ce ai laifinta ne, Baba Gyang ya taka mini ƙafa. Ya ba ta haƙuri, muka kankare muka sake. Da ta tafi ya ce mini, "Tebur don a ɗora abu aka yi shi. Kai ka yi tunanin abin da mai shi zai ɗora."

Da Baba Gyang ya tsufa ya koma ƙauye noman dankali, sai na sami aiki a wata ƙaramar masana'antar fenti a hanyar Bukuru. Aikina shi ne fesa sabon haɗi a kan guntayen katako don a ga yadda zai kwanta. Mai haɗin kuwa Madam Rifkatu ce, wadda ta karanci ilimin sinadarai, mace mara yawan magana, kullum da farar riga da tabarau a goshi. Ita ta san abin da ke cikin gwangwani, ni na san yadda yake fita daga bakin bindiga. In ta haɗa sai ta ce, "Malam Idi, gaya mini yadda ya ji a hannunka." In na ce yana gudu, ko yana yin kaushi kamar ɓawon lemo, ta san abin da za ta rage da wanda za ta ƙara.

Aikin jirgin ya zo mana ne a hammatar wani mutum, Injiniya Bala, mai kula da gyaran jirage a wani kamfani da ke da ƙananan jiragen haya, irin waɗanda ke ɗaukar likitoci da 'yan kasuwa. Ya ajiye mana wani ɗan tebur mai naɗewa. Na sa hannu biyu zan ɗaga, sai na ji shi sakayau kamar faifai. Na duba gefensa inda ya ɓalle, cikinsa kamar saƙar zuma, katakon da ke sama kuwa bai fi kaurin takarda ba. Banishin da ke kai ya tsattsage.

Ya ce, "Daga waje muke sayen banishin wannan aikin. Kafin ya fito daga tashar jirgin ruwa ya iso nan, rabi ya daskare a gwangwani. Ina so in ji ko za ku iya haɗa mana."

Na ce, "Oga, ai banish banish ne. Ina da wanda in na fesa maka sai ka rantse gilashi ne."

Bai yi musu ba. Ya ce a fesa nawa a kan guntun irin allon, in ya bushe zai dawo. Da ya dawo muka fita bayan ɗakin gwaji, Madam ta rataye guntun a waya, ta kunna masa 'yar wutar gas a ƙasa, sannan ta janye. Wuta ta haye shi kamar tsumman kananzir, yana ɗiga, baƙin hayaƙi ya turnuƙe mu har muka ja da baya muna tari.

Injiniya ya ce, "Malam Idi, a ƙasa in kujera ta kama wuta ka ruga waje. A sama ina za ka?"

Daga nan ya zayyana mana abin da ake nema. In an janye wuta, dole ya mutu da kansa. Kada ya yi hayaƙin da zai shaƙe mutane. Kada ya yi nauyi, don a jirgi komai sai an auna. Ya jure zafin da jirgi ke sha in an ajiye shi a rana ƙofofi a rufe, ya kuma jure sanyi ba tare da ya tsage ba. Duk da haka ya yi kyau, don mai hayar jirgi ba zai yarda da tebur mai dusu-dusu ba. Madam ta saurara har ya gama, ta ce, "Za mu gwada. Ban yi maka alkawarin rana ba."

Haɗin farko, garin wani sinadari mai hana wuta ta zuba a ciki. Wutar kam ta mutu, amma banishin ya fito kamar kunun kanwa, ba ka ganin katakon sam, ga shi yana toshe mini bindiga. Ta sauya da wani na ruwa. Wannan ya fito garau, sai dai ya ƙi bushewa, ko bayan kwanaki in ka danna babban yatsa sai ya bar shaida. Ta ƙara maganin da ke sa shi tauri. Ya bushe ƙam, na ce mun samu. Muka sa shi a firiza ya kwana, da safe muka haura da shi kan rufin kwano ya sha rana. Kafin la'asar ya yi tsaga-tsaga kamar ƙasan tafki da rani.

Haka muka yi ta yi. Bangon ɗakin gwaji ya cika da guntayen allo, wasu ƙonannu, wasu tsagaggu. Wanda ya tsallake wuta da firiza, sai in zuba masa shayi mai zafi, in ɗiga masa turare, in shafa masa man gashi, in karce shi da mabuɗin babur. Abokan aiki suna wucewa suna tsokanata, wai Idi ya koma mai shayi. Ni kuma ina tuna tukunyar gwaten shugabar makaranta, ina ƙara tunanin me fasinja zai iya ɗorawa.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne hannuna. Mai feshin kayan ɗaki ya saba cika wa katako banish har ya yi kauri, don nan sheƙin yake. A nan kuwa Madam takan ɗora allo a sikeli kafin in fesa, ta sake ɗorawa bayan ya bushe. Sau da yawa sai ta girgiza kai ta ce, "Ya yi nauyi, Malam Idi. Rage." Sai da na sake koyon feshi kamar sabon shiga: in rage iskar kwamfiresa, in ƙara nisa, in wuce da sauri, in bar abin da bai fi raɓa ba. Ku da kuke cewa danna kunama ne, ku gwada fesa allo guda daga wannan gefe zuwa wancan kauri ɗaya, numfashinku a cikin takunkumi, gumi na neman ɗiga a kan aikin.

Mafitar ta zo ne a kan wani allon ƙofar kabad. Na fesa masa haɗin nan mai laushi da wuta ba ta ci, ya ɗan sha iska, sai na ce wa Madam, a kayan ɗaki ai ba abu ɗaya muke sawa daga ƙasa har sama ba, akwai na shimfiɗa akwai na rufi. Ta duba allon. Ta ce tun tuni take wannan tunanin, abin da ya hana ta shi ne na saman ba ya hana wuta sosai, sai in zai yi siriri ƙwarai, kuma ba ta san ko hannu zai iya ba.

Na ce, "Ki haɗa. Hannun kuma ki bar mini."

Ta haɗa biyun yadda za su kama juna, na fesa. Wuta ta lashe gefen allon, da aka janye ta mutu. Firiza da rana ba su tsaga shi ba. Amma gwajinmu na bayan ɗaki ba shi ne hukunci ba. Injiniya ya kwashi samfura ya aika wani ɗakin gwaji a ƙasar waje da hukumar jiragen sama ta yarda da shi. Amsa ta dawo cewa wutar ta mutu, amma hayaƙin ya yi yawa. Madam ta sake zama a kansa, muka sake aikawa. A karo na biyu ya wuce. Ranar Injiniya ya zo da tsire a takarda, muka ci a tsaye, aka kuma kawo mana tebura da ƙofofin kabad na jirgi guda cur.

Shekarar korona ita ce muguwar shekararmu. Jirage suka zauna a ƙasa, sinadaran da ake kawo mana daga Legas suka yanke, masana'anta ta ce kowa ya zauna a gida. Na koma wurin ɗan Baba Gyang a Anguwan Rukuba, wanda ya gaji sana'ar kafinta, ina fesa masa akwatunan gawa, don su ne kaɗai kayan da ba su daina fita ba. Da aka buɗe gari muka koma aiki, ina cewa wahala ta wuce. Ashe tana gaba.

Teburan da muka yi ne suka dawo. Injiniya ya shigo da su da kansa ya jera a kan benci, bai ko amsa gaisuwa da kyau ba. Duk sun yi dabbare-dabbaren fari, in ka taɓa suna danƙo. Ashe tun da aka koma tashi, kowace sauka sai an wanke cikin jirgin da sanitaiza, ruwan nan mai ƙarfi na kashe ƙwayar cuta, a bar shi ya jiƙa a kai. Turaren da na gwada ɗigo ne. Wannan kuwa wanka ne safe da yamma.

Ya ce, "Ni na tsaya muku a gaban masu kamfani. Yanzu me zan ce musu?"

Manajanmu yana wurin. Mutumin kirki ne, amma albashin ma'aikata na wuyansa. Ya ce akwai banishin mota a sito, sanitaiza ba ya yi masa komai, a kankare saman a fesa shi, cikin mako an gama. Kuma gaskiya ya faɗa, banishin mota yana jurewa.

Madam ta ce, "Oga, abin da aka gwada aka amince da shi daban, wannan daban. In an sauya na sama, an sauya komai."

Manaja ya ce, "Ai na ƙasan yana nan. Wa zai gane?"

Sai na miƙe. Na ɗauki guntun allo mai shimfiɗarmu, na fesa masa banishin motar siriri yadda na iya, na ce a dakata ya bushe. Da ya bushe muka kira Manaja da Injiniya bayan ɗakin gwaji. Madam ta kunna, ta janye. Wutar ta bi saman nan ta haura har wayar da aka rataye shi. Manaja ya daɗe yana kallon abin da ya rage. Sannan ya ce ya ji ya gani, ba za a sa ba. Amma ya gaya mana ba shi da halin sayo wasu sinadaran. Abin da ya rage a duro shi ke nan, in ya ƙare ba mu samo mafita ba, zai rufe sashen. Injiniya kuma ya kwashe sauran aikinsa, ya ce za su koma jiran na waje.

Da ragowar duron nan muka yi aiki. Na riƙa yanka allon gwaji ƙanana kamar kwalin ashana, na samo 'yar ƙaramar bindiga irin ta masu zanen allon talla don kada ɗigo ya tafi a banza. Madam tana haɗa abin da bai fi cikin cokali ba. Kowane samfuri sai mu jiƙa auduga da sanitaiza mu ɗora, mu kife kofi a kai. Da yawa suka yi fari. Ta gano cewa in an sauya maganin taurin, aka kuma busar da aikin cikin ɗumi maimakon iskar ɗaki, saman yana rufewa gam. Ba mu da tandar yin haka. Na je kasuwar 'yan gwangwan na samo tsohuwar kabad ta ƙarfe, muka jera mata ƙwayayen lantarki a ciki, Madam ta sa ma'aunin zafi. In an ɗauke wuta in ruga in tayar da janareta kafin kabad ɗin ta huce. In zafin ya yi yawa siririn katakon ya ɗago daga allon, in ya yi kaɗan sanitaiza ya ci. Sai da muka kusa ganin gindin duron kafin wata safiya na ɗaga kofi, na share audugar, na ga fuskata a wurin.

Madam ta duba ta tabarau, ta duba babu tabarau. Ta ce, "Kada ka gaya wa kowa tukuna. Sake fesa wasu."

Na sake, suka fito daidai. Suka wuce wuta, suka wuce firiza. Ita da kanta ta ɗauki samfuran ta je ta sami Injiniya a wurin aikinsa. Ya ce ba zai sake sa wuyansa ba sai ɗakin gwajin waje ya sa hannu. Ta ce ita ma abin da take so ke nan. Aka aika, muka jira, ya wuce. Sashen bai rufu ba. Yanzu har daga wasu garuruwan ake turo mana allunan jirgi a naɗe cikin bargo.

Duk shekarun nan ban taɓa shiga jirgin ba, allunan ake kwancewa a kawo mana. Sai bara Injiniya ya kira ni in zo filin jirgi in duba wata ƙofar kabad da ba ya son a kwance. Aka sa mini riga mai ƙyalli, na hau 'yar matakala na sunkuya na shiga. Wuri ne ɗan ƙarami, bai fi cikin bas ba, ga teburanmu a jere, sun sha aiki amma suna nan garau. Wata yarinya mai shara tana goge su da tsumma da kwalbar feshi. Na miƙa hannu na shafa ɗaya, irin yadda na saba.

Ta ce, "Baba, yi haƙuri, ba a taɓawa. Wannan kayan Turai ne, in ya lalace babu mai gyara shi a nan."

Injiniya yana bayana, ya tuntsire da dariya. Ya ce, "To ai ga Baturen nan a gabanki. Shi ya fesa shi."

Ta dube ni daga hula har takalmi. Ta ce, "Da gaske, Baba? A ina?"

Na ce, "A hanyar Bukuru, bayan masu facin taya."

Ta kalli teburin, ta sake kallona. Ta ce, "Kai, sannu da aiki, Baba. Amma duk da haka ɗaga hannunka, yanzu na goge wurin."

Na ɗaga.